Buɗe ƙofa ko kashe fitila: Halowin ɗinmu na farko a Kolombus

Duk wanda ya sauka Amurka da iyali a ƙarshen damina, lokacin da jami'o'i ke karɓar sababbin ɗalibai, kafin ya gama sanin hanyar kasuwa zai ci karo da Halowin, bikin ƙarshen Oktoba da yara ke yin shiga iri-iri su bi gida-gida suna karɓar alewa. Mu a watan Agustan 2021 muka sauka Kolombus, babban birnin jihar Ohayo. Abban yara ya zo ƙarin karatu, ni kuma na biyo shi da yara biyu, babbar tana da shekara shida, ƙaramin bai cika uku ba. Babu wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da ke tafe a Oktoba, ga yadda ake yi in mutum yana so, ga yadda ake yi in ba ya so. Tsinta-tsinta muka yi, wani bayani a makaranta, wani a ofishin masu gida, wani a masallaci. Shi ya sa na ga gara in jera abin daki-daki yadda ya faru, ko 'yar'uwar da za ta zo bayana ta huta da yawon tambaya.

Tun tsakiyar Satumba kantuna suka fara canja kama. A bakin kantin Kroger aka jibge kabewa manya-manya, tsibi guda. Wadda ke marmarin miyar taushe kada girmansu ya ruɗe ta, na sassaƙa fuska ne, ruwa ya yi musu yawa, ba su da garɗi. Ƙananan masu nauyi su ne na ci. Gidan da muke haya irin jerin gidajen nan ne masu bene, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, kowa da ƙofarsa mai kallon titi. Oktoba na kamawa sai mutumin da ke tsallaken titi ya kakkafa allunan kabari na roba a ciyawar ƙofar gidansa, ya zaunar da ƙwarangwal a kujera da kofin shayi a hannu, ya rataya farin ƙyalle a bishiya wai fatalwa. Ta nan muke bi kullum zuwa wurin jiran motar makaranta. Yarinyata ta kafe ba za ta wuce ba sai na riƙe mata hannu, ta kau da kai. Ni kaina abin bai zauna mini ba. Mu da in za mu wuce maƙabarta sai mun yi sallama mun yi addu'a, ga mutane sun mayar da kabari abin ado.

Takarda ta farko daga makaranta ta zo, a cikin jakar yarinyar, satin farko na Oktoba. Ta ce ranar Juma'ar ƙarshen wata da rana za a yi walimar Halowin a aji, yara za su iya zuwa da shigar da suke so, amma ban da abin rufe fuska in ba takunkumin korona ba, ban da bindigar wasa ko wuƙa, ban da jinin ƙarya. Iyayen da za su kawo abin taɓawa su kawo na kanti a rufe, kuma kada a ga gyaɗa a ciki. A ƙasa akwai layin sa hannu da gurbin rubuta abin da za ka kawo. Gurbin wanda ba ya son ɗansa ya shiga kuwa babu. Washegari na goya ƙaramin na tafi makarantar. Ba a shiga kai tsaye: sai ka danna ƙararrawa, a gan ka ta kyamara, a buɗe, ka miƙa katin shaida, a manna maka takardar baƙo a ƙirji. Na kai fasfo, aka karɓa. Sakatariya ta ce malamar aji tana cikin darasi, ko in jira lokacin cin abincin yara ko in aika mata saƙon imel. Na zauna jira a kan benci, gabana yana faɗuwa, ina ta shirya Turancin da zan kare kaina da shi, don na ɗauka za a yi mini kallon mai tsattsauran ra'ayi. Da malamar ta fito, ban kai ƙarshen jimlata ba ta gyaɗa kai. Ta ce duk shekara tana da irin wannan, yaran Somaliyawa (Kolombus na cikin biranen da suka fi yawan Somaliyawa a Amurka) da yaran Shaidun Jehobah da ma wasu 'yan coci da ba sa yi. Zaɓi biyu ta ba ni: ko yarinyar ta je ɗakin karatu tare da sauran waɗanda ba sa shiga, a ba su zane da wasa, ko in zo in ɗauke ta kafin a fara, in sa hannu a littafin ofis, in haɗa da 'yar wasiƙa cewa dalili na addini ne don kada a rubuta mata fashi. Ko sisi ban biya ba, kuma maganar ba ta kai minti biyar ba. Wahalar tana gida. Da na gaya wa yarinyar sai idonta ya cika da ƙwalla, ta ce, "Mama, ni fa kayan likita zan sa, ba na aljanu ba." Ranar ban sami amsar da ta gamsar da ita ba, sai rarrashi.

Tsakiyar wata ofishin masu gida ya maƙala wa kowa takarda a ƙofa: yawon karɓar alewa na yara zai kasance ranar Alhamis 28 ga Oktoba, daga ƙarfe shida zuwa takwas na yamma. Ni kuwa ko'ina na duba 31 ga wata aka ce Halowin. Na ɗauki takardar na nufi ofis, na tarar da manajar tana fama da wani a kan kuɗin haya, na jira ta gama. Ta ce ba kuskure ba ne. A yankin tsakiyar Ohayo hukumar tsare-tsare ta yankin ce ke ba da shawarar rana, kuma ƙa'idarta ita ce in 31 ga wata ya faɗo Juma'a ko Asabar ko Lahadi, sai a dawo da yawon yara ranar Alhamis da ta gabace shi. In ya faɗo Litinin zuwa Alhamis, a yi shi a ranarsa. A 2021 Lahadi ya faɗo. Ta ƙara da cewa ba doka ba ce, wasu ƙananan garuruwa na kewaye nasu suke bi, don haka kowa ya duba na ƙaramar hukumarsa. Na tambaye ta abin da ya fi damuna: dole ne a buɗe? Ta yi dariya, ta ce ko kusa. Fitilar ƙofa ce alama. Gidan da fitilarsa ke kunne yana maraba, wanda tasa ke kashe a wuce shi, kuma tun yara suna ƙanana iyayensu ke koya musu haka. A nan wata matsala ta ɓullo, domin fitilar ƙofarmu irin mai kunna kanta ce da zarar duhu ya shiga, babu makunni a cikin gida. Ke nan ko muna so ko ba ma so, gidanmu zai riƙa kiran yara. Ta ba ni fom ɗin neman gyara na cike, ta ce in mai gyara bai zo ba kafin ranar, a hau kujera a sassauta ƙwan. Ya zo bayan kusan mako guda, ya nuna mana yadda ake kashe ta, kyauta.

A kantin kayan abincin Afirka na haɗu da wata Hajiya 'yar Maraɗi, ta fi shekara ashirin a ƙasar, ita ta zama uwar ɗakina a wannan harka. Na ce mata in ma za mu buɗe, cincin zan soya in ƙulla a leda, ya fi arha ya fi albarka. Ta kama haɓa. "Ƙanwata, kada ki wahalar da kanki. Duk abin da ba a cikin takardar kamfani yake ba, kwandon shara uwar yaro za ta zuba shi, ko da zinariya kika soya." Ta ce tsoron guba ne da allura a cikin alewa. Abban yara, da ba ya barin magana ta wuce bai bi diddiginta ba, ya dawo mana da bayani da daddare. A 1974 a jihar Tekzas wani yaro ɗan shekara takwas ya mutu bayan ya sha alewar Halowin mai guba, amma mahaifinsa ne ya sa masa, don kuɗin inshora, aka kuma zartar masa da hukuncin kisa a 1984. Sai kuma 1982, da mutum bakwai suka mutu a yankin Shikago bayan sun sha maganin ciwon kai da aka sa wa guba, makonni kaɗan kafin Halowin, tsoro ya ƙara kama mutane. Wani masanin zamantakewa, Joel Best, ya shafe shekaru yana bin rahotannin jaridu, bai samu inda baƙo ya kashe yaro da alewar ƙofa ba. Amma tsoro ya riga ya zauna, kuma ba ke baƙuwa mai hijabi ce za ki cire shi da cincin ba. Hajiya ta ƙara mini wani gargaɗi, wannan kuwa don samari: kada a kuskura a buga ƙofar gidan da ba a sani ba in babu fitila. Ta tuna mini da Yoshihiro Hattori, ɗalibi ɗan Japan mai shekara 16, wanda a Oktoban 1992 a Baton Ruj ta jihar Luwiziyana ya yi ɓatan gida yana neman inda ake walimar Halowin, mai gidan ya harbe shi har lahira. Ita dai a gidanta, in ji ta, fitila a kashe take, yara kuma masallaci take kai su.

Juma'ar da ta biyo baya huɗubar liman a kan wannan ta tsaya, Abban yara ya kawo mini ita kusan kalma da kalma. Liman ya ce asalin abin bikin mutanen Ayilan da Sikotilan ne na zamanin maguzancinsu, na ƙarshen kaka da shigowar hunturu, daren da suka yi imani matattu da iskoki suna kusantar masu rai. Daga baya coci ta sa 1 ga Nuwamba ranar tunawa da waliyyanta, daren 31 ga Oktoba ya zama jajiberi. 'Yan Ayilan da yunwar shekarun 1840 ta koro su suka taho da shi Amurka, yawon yara gida-gida kuwa sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya game ƙasar. Ya kawo hadisin wanda ya yi kama da wasu mutane yana cikinsu, ya ce kada a yi wa yara shiga, kada a fita da su, a kawo su masallaci ranar, an shirya musu wasanni da fiza, kowane iyali ya ba da abin da ya sawwaƙa. Bayan an idar Abban yara ya bi layin masu tambaya, ya ce to wanda bai fita ba, amma yaran maƙwabta suka buga masa ƙofa fa? Liman ya ce shi dai ba ya bayarwa, yana ganin bayarwar taimakawa ce ga bikin, kuma abin da ya fi aminci a kashe fitila.

Ni kuma na kira Baffana a Zariya ta WhatsApp, don shi ne malamin gidanmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da ya taso mana." Bai yi gaggawar amsa ba, tambayoyi ya jero mini. In sun zo ƙofa suna yin wata bauta? Na ce a'a. Akwai kalmar da za ki furta? Na ce babu, su ne ke cewa "tirik o tirit", wai a ba su alewa ko su yi ɓarna, a miƙa musu su yi godiya su wuce. Yaran su wane ne? Na ce na maƙwabta. Sai na ji ya yi dariya, ya ce, "Ashe tashe suke yi." Daga nan ya gyara murya ya ce, "'Yata, naki yaran kada ki yi musu shigar, kada ki ƙawata gida da kayansu. Amma ɗan maƙwabci da ya tsaya a ƙofarki ya miƙo hannu, ni ban ga laifin ki sa masa alewa ba. Allah ya ce mai roƙo kada a yi masa tsawa, kuma kin san yadda Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci. In kuma zuciyarki ba ta natsu ba kika rufe, ba ki yi zunubi ba." Maganar tashen nan ta jawo mana muhawara da Abban yara har dare ya raba. Shi ya ce ba a haɗa su: tashe a cikin azumi ake yi, daga goma ga wata, wasanninsa jan kunne ne da nishaɗi ga masu azumi, babu kabari babu fatalwa, kuma shi kansa tashen akwai malaman da ba sa son sa. Ni na ce tushe kam daban, amma abin da ke tsaye a bakin ƙofa ɗaya ne, yaro ne ya yi shigar burtu da daddare yana jiran a ba shi wani abu. Har yau ina ganin kowannenmu yana da rabin gaskiya.

Abin da muka tsayar shi ne: yaranmu ba za su yi shiga ba, ba za su fita ba, ba kabewa ba ƙwarangwal a ƙofarmu, amma za mu kunna fitila mu bayar. Abin da ya rinjaye ni ba fatawa kaɗai ba ce. Mu ne sababbi a layin, ni kaɗai ce mai hijabi, kuma tsohuwar da muke bango ɗaya da ita, tun zuwanmu take nuna mana ranar fitar da shara, ta ara mana tsani, ta kawo wa yara rigunan sanyi na jikokinta. Na ga wannan ne dare ɗaya a shekara da unguwa gaba ɗaya ke zuwa ƙofarka da ƙafarta. Wanda ya bi maganar liman ya rufe, ban ce ya yi kuskure ba, Hajiya ma haka take yi kuma maƙwabtanta suna ganin girmanta.

Sayen alewar ya ci mini lokaci fiye da yadda na zata, saboda karatun bayan leda. Manajar ta ce layinmu yana samun yara sosai, don haka na ɗauki manyan leda biyu na ƙananan cakulan, kowanne a naɗe da takardarsa, suka tashi wajen dala 30. A lokacin ban daina juya dala zuwa naira a kaina ba, sai da na tsaya na yi ajiyar zuciya a gaban mai karɓar kuɗi. Abin da na guje wa shi ne jelatin, wanda galibi daga fata da ƙashin alade ake samo shi a nan. Yana cikin yawancin alewa mai danƙo irin ta siffar dabbobi, da farar mai laushi kamar auduga, da wata mai siffar ƙwayar masara mai launi uku da ake yayi a wannan wata. Abin da ba zan ba ɗana ba ban ga dalilin saye in ba ɗan wani ba, kuma duk abin da ya rage ai cikin gidana zai ƙare. Mai son irin mai danƙon ta nemi alewar Haribo da aka yi a Turkiyya, shagunan halal suna kawo ta. Sai gyaɗa: cakulan Snickers da Reese's duk da ita ake yi, kuma a nan akwai yaran da ƙwaya ɗaya ke kai su asibiti. Saboda irinsu ne tun 2014 aka yaɗa al'adar ajiye kabewa mai launin shuɗi-kore a ƙofa, alamar gidan yana da abin bayarwa da ba na ci ba. Ban ajiye kabewar ba, amma na biya kantin Dollar Tree, lokacin komai dala ɗaya ne, na sayi fensira da sitika na zuba a kwano daban.

Ranar Alhamis tun biyar da rabi na ga tsohuwar nan maƙwabciyarmu ta fito da tebur da kujera da bargo ta zauna a bakin hanya, saboda korona mutane da yawa a waje suka zauna a shekarar. Shida saura kaɗan aka danna mana ƙararrawa. Na buɗe, sai ga wani ɗan mitsitsin yaro an yi masa shigar ƙudan zuma, fukafukai sun karkace, yana riƙe da bokitin roba da hannu biyu, ya buɗe baki ya manta abin da zai ce. Uwarsa daga can bakin titi tana raɗa masa. Na sa masa cakulan biyu, ya leƙa cikin bokitin, ya ɗago ya dube ni, ya juya da gudu har yana tuntuɓe, uwar tana ɗaga mini hannu tana godiya. Yadda ake yi ke nan, ba wani abu: iyaye ba sa matsowa, ba a shiga gida, ba a gayyatar yaro ciki, ɗaya ko biyu ake sa wa kowa, in ka yaba shigarsa ya ji daɗi. 'Yan farkon duk ƙanana ne, 'yan kwana-kwana, gimbiyoyi, likitoci, wani ma an mayar da shi kwalin madara. Yarinyata, da ta kwana biyu tana fushi da ni, ta ce ita za ta riƙa miƙawa. Ta je da kanta ta sa leshinta na ƙaramar salla da ɗankwali. Wata mata ta ce kai, wannan shiga ta yi kyau, gimbiyar wace ƙasa ce? Yarinyar ta ce, "Ba shiga ba ce, kayana ne." Matar ta ji kunya ta yi ta ba da haƙuri, na ce ba komai, daga nan hira ta ɓarke, ashe ɗanta ajinsu ɗaya.

Abin da babu wanda ya faɗa mini shi ne magariba. A ƙarshen Oktoba ba a riga an mayar da agogo baya da awa ɗaya ba kamar yadda ake yi a nan duk shekara, sai Lahadin farko na Nuwamba, don haka rana a Kolombus tana faɗuwa wajen shida da rabi da 'yan mintuna, daidai lokacin da titi ya fi cika. Mu da aka raine mu da cewa in magariba ta kawo kai a shigar da yara gida, ga shi a lokacin ne ake fito da su. Muka ce bari mu yi jam'i, na ajiye kwano a kan kujera a waje da 'yar takarda cewa kowa ya ɗauki biyu. Muna cikin salla ina jin takun ƙafafu da dariya. Da muka sallame na leƙa, kwano wayam, har fensiran an kwashe. Wanda zai buɗe, gara a yi sallar bi da bi, ɗaya na ƙofa ɗaya na kan darduma, ko a zuba kaɗan a kwanon a ɓoye sauran. Bayan bakwai sai manya suka fara zuwa, 'yan shekara goma sha, da rigar matashin kai a maimakon bokiti, da fuskokin roba masu ban tsoro. Ɗaya ya zo da fuska mai zubar da jinin ƙarya, ƙaramin nawa yana bayana ya ƙwalla ƙara ya ƙanƙame ni, sai da Abbansa ya hau da shi sama, daren nan kuma a tsakiyarmu ya kwana. Yaron ya cire fuskar da sauri yana ba da haƙuri, ashe ɗan gidan da ke ƙarshen layi ne mai gaishe ni kullum. Bakwai da rabi alewa ta ƙare. Muka kashe fitila, kamar an yanke da wuƙa, ƙararrawa ta yi shiru. Ina kallo ta labule, ayari-ayari suna zuwa daidai ƙofarmu su dubi sama su wuce. Can wajen tara wani ya ƙwanƙwasa, ba mu amsa ba, ya tafi. Ɓarnar da suke ambata a baki ban gan ta ba. Ana dai labarin samari masu jifan gida da ƙwai a wasu wurare, a layinmu ko ɓawo ban gani ba da safe.

Muna shirin isha tsohuwar ta buga bango, alamar da muka saba, na buɗe ƙofar baya. Ta miƙo mini leda biyu ta ce ta lura yarana ba su fita ba, ga rabonsu, kuma ta cire masu danƙon don ta ji ba ma ci. Ban san inda ta ji ba. Washegari Juma'a na je na ɗauko yarinyar da rana kamar yadda muka yi da malamarta, na sa hannu a littafi, muka wuce shan askirim. Ranar Lahadi 31 ga wata, ranar Halowin ɗin kanta, ko mutum ɗaya bai zo ba. Litinin kuwa duk alewar da na saya da tsada an karya ta rabin kuɗi.

Shekarar da ta biyo, 2022, ranar ta faɗo Litinin, ina da jego, Abban yara kuma yana aikin yamma. Ban ga yadda zan yi ta sauka da hawa da jariri ina buɗe wa fuskokin da ban sani ba ni kaɗai. Muka rufe. Tun biyar na kashe fitilar ƙofa, na saki labulen falo, na kashe ƙwan da ke kusa da taga, muka koma ɗakin baya da yara da guguru. Sau ɗaya ko biyu aka danna ƙararrawa, ƙila ƙanana ne da ba su lura ba, na yi zamana. Da safe kowa ya gaishe ni yadda ya saba, babu wanda ya tambayi dalili. Ba a bin ka bashin bayani, kuma don ka buɗe bara ba a ɗora maka bana.

Da na haɗa shekarun biyu, abin da na ga yana jawo rikici shi ne tsaka-tsaki: fitila a kunne, ko kabewa a ƙofa don yara sun matsa an saya, sannan a ƙi buɗewa, ko a buɗe a tsaya yi wa ɗan shekara biyar wa'azi. Yaron bai san Ayilan ba bare maguzancinta, alewa ya sani. In za a rufe a rufe sosai, in za a buɗe a tanadi abin bayarwa, in ya ƙare a kashe fitila. Masu zama a dogayen benaye masu ƙofa ɗaya, inda babu fitilar kowa, su tambayi ofis, galibi takarda ake rabawa mai son a buga masa ya rataya a ƙofarsa, wani ginin ma ba a yi sam. Maganar makaranta a yi ta da wuri kuma a rubuce. Naku yaran su ne babban aiki, ba na maƙwabta ba: tun Satumba abokansu ke tambayarsu me za su sa, don haka kada a bari sai ana gobe a ce musu a'a, a tanadar musu wani abin da za su sa rai a kai, ko na masallaci ko fita ko miƙa alewar da hannunsu. Ni na ga miƙawar ta wanke wa tawa zuciya fiye da duk bayanin da na yi mata.

Sai mota. Wani bincike da aka yi kan alƙaluman haɗurran Amurka daga 1975 zuwa 2016 ya nuna haɗarin mota ta kashe mai tafiya a ƙasa yana ƙaruwa da kashi 43 cikin ɗari a yammacin Halowin, kuma 'yan shekara huɗu zuwa takwas abin ya fi shafa. Yara ne cikin baƙaƙen kaya, fuska a rufe, suna ɓullowa daga tsakanin motocin da aka ajiye. Wanda ya zaɓi kai iyalinsa masallaci ya fita kafin shida, kada ya dawo sai takwas ta wuce, in kuwa dole ta sa shi shiga unguwa a tsakanin nan, ya sauke gilashi ya yi tafiyar da ko yaro ya faɗo gabansa zai iya tsayawa.